Kifin Barmo Mai Ɗingishi

"To ku gyara zama, ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta iso mu ji ta, Kaka."

A wani gari na bakin kogi da ake kira Gungun Tsamiya, an yi wani tsoho mai suna Barmo. Da can masunci ne, har ranar da kada ya kama shi a ƙafar hagu. Ya tsira da ransa, amma ƙafar ba ta ƙara miƙewa ba. In yana tafiya sai ya taka, ya ja, ya ɗan tsaya, sannan ya sake takawa. Da ya ga shiga jirgi ya gagare shi, sai ya kafa rumfa a bayan ɗakinsa, ya koma sassaƙa kifin itace, wato koton ƙarya da ake ɗaura wa ƙugiya a yaudari manyan kifaye.

Ku da ba ku gani ba, ba za ku gane ba. Ni na taɓa riƙe irinsa a hannuna, saura kaɗan in jefa shi a tukunyar miya.

Barmo yakan sari reshen gurjiya ya shanya shi a inuwa, ba ya yarda rana ta taɓa shi don kada ya tsage. In ya bushe sai ya fere shi da 'yar wuƙarsa, ya goge da ganyen ɓaure har ya yi sumul. Ya gasa basilla ya huda cikin, ya cusa ɗan guntun dalma, ya toshe da kakin zuma. Ya manna ɓarɓashin makankari, ƙwanson nan mai ƙyalli na bakin kogi, a gefe da gefe, in rana ta haska sai ka rantse ɓawon kifi ne. Gadon bayan ya sha shuni, ido kuma jar ƙwayar tsiron nan da ake kira idon zakara, wutsiya gashin zabuwa. Daga nan sai ya saka shi a kwatarniyar ruwa ya ja da zare, ya sunkuya yana kallo kamar mai duba jinjiri. In bai gamsu ba ya fito da shi ya ƙara ferewa. Masunta daga garuruwa masu nisa suke zuwa rumfar nan, kowa ya tuɓe takalmi kafin ya shiga.

Mutum ɗaya ne a garin bai ɗauki Barmo a bakin komai ba, shi ne Gizo. Duk ranar kasuwa, da tsohon ya wuce, sai Gizo ya bi bayansa yana kwaikwayon tafiyarsa. Ya taka, ya ja, ya tsaya. Kuma ya iya, don har masu sayar da daddawa sukan riƙe ciki don dariya. Barmo bai taɓa waiwayowa ba.

Ana nan sai Ƙoƙi matar Gizo ta haihu, ta zubo 'ya'ya cike da faifai. Amma nono ya ƙi zuwa. Aka yi kunun kanwa, aka yi jiƙe-jiƙe, shiru. Jarirai suka cika gida da kuka. Ungozoma ta duba ta ce jikin mai jegon ne ya zube, abin da zai tashe ta shi ne romon giwar ruwa mai kitse, in kuwa aka yi jinkiri ba ta da tabbas a kan 'ya'yan.

Ku san giwar ruwa ba ƙaramin kifi ba ce. Ba ta cin tana, ba ta kallon tuwo, sai kifi mai rai. Akwai wata tsohuwar giwar ruwa a gurbin da ke ƙarƙashin tsamiya, ta tsinke fatsar mutane ba adadi.

Ƙoƙi ta ce cikin muryar mai jin jiki, "Maigida, ka je wurin Baba Barmo ka roƙi koto ɗaya."

Gizo ya ce shi da ƙafa takwas ba zai je roƙo wurin mai ƙafa ɗaya da rabi ba. Ai sassaƙa ce kawai, kuma a cewarsa tun yana goye ya iya ta. Gaskiyar magana kunya ce ta hana shi, amma ba Gizo ba ne zai faɗi haka.

Ya samo guntun kirya ya fere, ya ɗaura ƙugiya, ya nufi gurbi. Kwaɗo na zaune a kan ganyen bado yana kallonsa. Gizo ya wurga, abu ya yi tsulum, ya nutse har laka bai ko juya ba. Can sai Tarwaɗa ta ɗago kai tana shafa ƙeya, tana tambayar wane marar tarbiyya ne yake jifan mutane da taɓarya. Kwaɗo ya nuna mata Gizo. Gizo ya ce ai gwada zurfin ruwan yake yi, ya naɗe fatsarsa ya tafi.

Washegari ya ce nauyi ne ya cuce shi. Ya samo tukurwa marar nauyi ya fere, bai sa dalma ba. Ya wurga, abu ya juya ciki sama yana yawo a kan ruwa. Giwar ruwa ta leƙo ta koma. Kwaɗo ya ce masa, "Ta ce a gaya maka ba ta cin mushe." Gizo ya ce da ma ba ita ya jefa wa ba.

Da ya koma gida ya tarar kukan jariran ya fara dushewa. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya sa hularsa ya tafi rumfar Barmo, wai ya zo gaisuwa.

Ya tarar da tsohon a kan buzu, ƙafar nan a lanƙwashe gefe, ɓawon itace ya rufe masa cinya. Kifayen itace na rataye a jikin igiya suna juyawa, rumfa sai ƙamshin kakin zuma. Gizo ya tsaya yana kallo. Ya ga yadda wuƙa ke tafiya a hannun tsohon kamar ita ta san hanya. Da Barmo ya juya zai gyara garwashi, Gizo ya miƙa ƙafa ɗaya ta baya ya tsinko koto, ya tura cikin hula, ya yi sallama da ladabi.

A gida ya fito da shi yana juyawa. Kyau kam ba a magana. Amma da ya ƙura ido sai ya ga wutsiyar ta karkace, gefe ɗaya an fere shi ya fi ɗayan. Ya ɗora shi a tafin hannu, sai ya ga yana kishingiɗa hagu, ashe dalmar ma ba a tsakiya take ba. Gizo ya kyalkyale da dariya. Ya ce wa Ƙoƙi ga gwanin da ake ta yabo, tsufa ya sa hannunsa rawa, ko kifinsa ma gurgu ne. Ya ce bari ta ga aikin masu ido.

Ya zauna ya fere ɗaya gefen har suka daidaita. Ya narke kakin, ya mayar da dalma tsakiya cif. Ya miƙe wutsiya sambal. Koto ya fito kamar ango.

Washegari ya kai gurbi ya wurga, ya jawo da sauri. Kifin itace ya taho a miƙe yana walƙiya, ko karkata babu. Ruwa ya motsa, giwar ruwa ta taso, kanta kamar turmi. Ta bi koton da ido har ya wuce, sannan ta yi hamma ta ce wa Kwaɗo, "Wannan lafiyayye ne. Da girmana da tumbina zan tsaya tsere da yaro mai jini a jika?" Ta koma ƙasa abinta.

Gizo ya wurga, ya sake wurgawa, har rana ta karkata. Ko Kwaɗo bai yi masa ba'a ba wannan karon.

Da ya shiga gida bai ji kuka ba, sai ɗan nishi-nishi daga cikin faifai. Ƙoƙi ta dube shi, ta dubi hannunsa, ta juyar da kai bango. Gizo bai zauna ba. Ya juya da koton a hannu, a fili ba cikin hula ba, ya nufi rumfar Barmo. Ya tuɓe takalmansa duka takwas a bakin ƙofa, ya durƙusa ya ajiye koton a kan buzu.

Barmo ya ce tun jiya ya ga hular Gizo ta fita da ciki, ya yi shiru ne saboda ya riga ya ji labarin mai jego. Ya ɗauki koton ya juya shi, ya ɗora a tafin hannu, ya ga ya zauna daram.

Ya ce, "Wa ya warkar min da shi?"

Gizo ya ce shi ne, ya ga kamar an yi kuskure.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ajiye wuƙa ya ce, "Tashi ka yi min tafiyar nan."

"Wace tafiya, Baba?"

"Wadda kake yi a bayana ranar kasuwa."

Gizo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya fara rantse-rantse, Barmo ya ce ba rantsuwa ya tambaya ba, kuma rana na tafiya. Haka Gizo ya miƙe a gaban mai tafiyar, ya taka, ya ja, ya tsaya. Ba mai dariya, sai kifayen itace na juyawa a igiya.

Barmo ya ce, "Ka iya. Amma tsayuwar ta yi gajarta. Ka ƙara jinkiri bayan ka ja ƙafar, a nan zafin yake."

Gizo ya sake, ya tsaya inda aka ce, sai ya ji zafin tafiyar har ransa, abin da bai taɓa ji ba a duk shekarun da ya yi yana wannan wasa.

Sannan tsohon ya ba shi labari. Ya ce ranar da kada ya kama shi, su da yawa ne a bakin ruwa suna jan taru. Shi kaɗai ya taka ƙaya da safe yana ɗingishi, kuma shi kadan ya zaɓa. Yana kwance yana jinya ya yi ta tunanin wannan, har ya gane cewa duk wani babba mai farauta a ruwa ba ya son wahala, mai rauni yake jira. Tun daga nan kowane kifi ya sassaƙa sai ya sa masa tasa tafiyar.

Ya miƙa wa Gizo wuƙa ya ce, "Kai ka warkar da shi, kai za ka gurgunta shi."

Gizo ya zauna ya karɓi wuƙar. Ya fere gefe ɗaya, aka saka a kwatarniya, koto ya yi ta juyi kamar mai hajijiya. Barmo ya ce ya yi yawa, wannan mahaukaci ne. Gizo ya rage ɗaya gefen kaɗan, ya gusa dalma, aka saka, koto ya tafi kusan a miƙe. Barmo ya ce wannan ƙaryar ciwo yake yi, ko karfasa ba za ta yarda ba. A na uku, tsohon ya ɗora hannunsa a kan na Gizo, suka ɗebe ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Aka ja zare. Kifin itace ya tafi, ya karkata hagu, ya yi kamar zai kife, ya farfaɗo. Sai da Gizo ya ji tausayinsa.

Barmo ya ce rabin aiki ke nan, sauran rabin yana hannun mai jan fatsa. Kada ya jawo da sauri, ya yi tafiyar nan da hannunsa.

Gizo ya isa gurbi rana ta yi ja. Ya wurga. Ya ja, ya saki, ya tsaya, ya ƙara jinkiri a inda zafin yake. Kwaɗo ya sauko daga ganyen bado yana cewa wayyo wannan bawan Allah ba zai kai gida ba. Bai rufe baki ba ruwa ya dare biyu, giwar ruwa ta haɗiye koto har ƙugiya.

Nan aka yi ta. Ta ja, Gizo ya tafi da fuska cikin laka. Ya maƙale saiwar tsamiya da ƙafa huɗu, ya riƙe fatsa da huɗu. Ta yi gabas ya sakar mata, ta yi yamma ya tattaro. Sau nawa yana jin kamar zai rabu biyu, sai ya tuna faifan nan ya ƙara damƙewa. Har tsohuwar ta gaji ta kwanta a gefe, masunta suka taya shi fito da ita.

A ranar aka ɗora tukunya. Ƙoƙi ta sha romo har gumi ya karyo mata. Kafin wani yinin nono ya sauko, jarirai suka kama, gida ya sake cika da kuka, irin kukan da ake so. Gizo ya yanki tsoka mafi kitse ya kai rumfa da kansa, tare da koton, duk ya sha haƙora. Barmo ya karɓi tsokar, ya ce koton kuwa na Gizo ne, tun da shi ya gurgunta shi.

Hali dai ba ya barin mai shi gaba ɗaya. Kafin kasuwa ta zagayo, kifin ya kai girman jirgi a bakin Gizo, kuma wai da ƙafa ɗaya ya fito da shi. Amma da Barmo ya zo wucewa, masu daddawa suka ce Gizo a yi mana tafiyar nan, sai ya ɗaure fuska ya ce wannan tafiya ta masu sana'a ce, ba a yin ta a kasuwa. Ya je ya karɓi jakar tsohon ya rataya, suka tafi tare, yana rage sauri.

To kun ji. In kuka ga abin da ya yi kama da kuskure a aikin gwani, ku tambaye shi dalili kafin ku sa hannu ku gyara, wataƙila nan ne gwanintar take. Kuma wanda kuke yi wa dariya a hanya, ba ku san ranar da za ku tuɓe takalmi a ƙofarsa ba.

Kungurus kan kusu. In akwai ƙarya a ciki ta Gizo ce, ni iyakar abin da na ƙara shi ne ɗan gishiri a romon.