Wutar Sama a Ranar Suna

Ranar da ruwa ya hana maza fita gona, Baffa Nomau, ƙanen surukina, ya zo ya zauna a soron gidanmu. Ƙannen maigidana suka kewaye shi, ni kuwa ina bayan ƙofa ina tankaɗen gari, don ban saba zama inda manya suke ba. Da ya gyara murya sai ya ce, "Amarya, ki sassauta rariyar nan, na san kunnenki yana nan." Aka yi dariya, na ji kamar in nutse. Amma na saurara, ga kuma abin da ya faɗa, yadda na riƙe shi.

Ya ce yau ba tatsuniya ya kawo ba, shari'a ce, kuma ba wanda zai tashi sai ya yanke hukunci.

Akwai wani ƙauye a hayin kogi, sunansa Tungar Kanya. A can akwai wani manomi, Mamuda, shi da matarsa Zulai. Shekara goma sha biyu da aurensu ba haihuwa, sai a wata damina Allah ya ba su ɗa namiji. Mamuda ya sayi rago, ya aika wa kowa goro, har rugagen da ke kewaye. Da yake sama kullum a haɗe take, aka ce za a raɗa sunan a cikin tsohon masallacin garin da hantsi. Masallacin na ƙasa ne, rufin azara, kakannin kakanni suka gina shi. Duk namijin da ke iya tafiya a ƙauyen zai kasance a ciki a wannan safiya.

Na farko cikin mutum ukun da shari'ar ta shafa shi ne Ɗahiru. Ɗan garin ne, karatu ya ɗauke shi ya kai shi wata ƙasa mai nisa, inda aka kafa wani babban madubin hangen nesa a kan tsauni. Baffa ya ce a sararin sama akwai duwatsu masu yawo, ba su da haske, ba su da ƙara. Ƙananansu ne idan suka shigo iskar duniya suke ƙonewa, mu ce tauraruwa ta faɗi. Amma akwai waɗanda girmansu ya kai ɗaki, har ya fi. Aikin su Ɗahiru shi ne su ɗauki hoton wuri ɗaya na sama sau da yawa, su jera, su duba ko akwai ɗigon da ya gusa daga inda yake. Taurari ba sa barin wurinsu a hoton. Abin da ya gusa, tafiya yake yi.

Mutanen Tungar Kanya ba su ɗauki wannan aiki da daraja ba. Shekararsa tara bai zo gida ba, idan an ambace shi sai a ce, "Wai mai gadin taurari? Ko an taɓa sace masa ɗaya?"

Ana jajibirin sunan, Ɗahiru ya gama aikinsa har ya ɗauki rigarsa. Kwamfuta ta riga ta ware wasu hotuna ta ce datti ne a idon madubin. Ba wanda ya ce ya duba su, amma ya koma ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A ciki ya ga wani ɗigo dishi-dishi, ko ƙwayar gero ta fi shi girma, ya gusa sau huɗu a kan layi ɗaya. Ya tura wa abokan aikinsa na wasu ƙasashe, kowa ya juya madubinsa ya auna. Lissafi ya nuna dutse ne, ya nufo duniya, saura ƙasa da kwana ɗaya. Da aka zana a taswira inda zai fashe, Ɗahiru ya ga kogin da ya koyi wanka a cikinsa.

Aka ce masa a bari sanarwa ta bi ta hannun hukuma, ofis ya miƙa wa ofis. Ya san kafin takarda ta haye kogin nan an daɗe da yanka rago. Ya kuma san idan ya yi gaban kansa, dutsen ya kauce, sunansa ya ɓaci a wurin aiki, a gida kuma abin dariya ya ƙaru. Duk da haka ya ɗauki waya. Ta kawunsa ba ta shiga, ta mai unguwa ba ta shiga, don tun farkon damina ƙauyen ba sabis. Ya yi ta bin lambobi har ya samu mutum ɗaya.

Wannan shi ne na biyu, Ƙasimu, abokin wasansa na ƙuruciya, mai haya da babur a garin kasuwa da ke wannan gefen kogi. Ƙasimu ko firamare bai gama ba. Ya saurari bayanin dutse da madubi bai fahimci rabinsa ba, ya ce, "Kai Ɗahiru, shekara tara ba ko gaisuwa, yau ka kira ni da wuta?" Ɗahiru ya ce, "Ka zage ni daga baya. Ka riƙe abu uku. Dutsen ba zai iso ƙasa ɗungurungum ba, a sama zai fashe. Haske zai fara zuwa, ƙarar tana baya, kuma ita ce mai rusa gini. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin rufi ko jikin bango." Ƙasimu ya maimaita sau biyu, ya ce ya riƙe.

Gari na wayewa ya isa mafita, inda ake haye kogin. Kogi ya kawo, ruwa ja wur, yana tafe da rassan itatuwa. Mai kwalekwale ya ce ko uwarsa ce a hayin ba zai sa jirginsa ba sai azahar. Ƙasimu kuwa bai iya ruwa sosai ba, kowa ya sani. Ya jingine babur ɗinsa a gindin giginya, ya juye man da ke jarkarsa a ƙasa, ya toshe bakinta, ya ɗaure ta a ƙirji da igiyar kaya, ya yi bisimilla ya faɗa. Ruwa ya ja shi ya wuce mafitar da nisa. Wani kututture ya buge shi a haƙarƙari, ya sha ruwa har ya daina ganin gaɓa. A ƙarshe wani reshen da ya sunkuyo ne ya kama. Ya fito ba takalmi, ba waya, gefensa na zubar jini, ya kama gudu ta cikin gonakin dawa.

Ya shiga gari rana ta fara ɗagawa, maza sun fara taruwa. Ya tsaya a dandali ya faɗi saƙon duka, bai rage ko ɗaya ba. Ganin yadda ya zo, ba wanda ya yi dariya. Amma mutanen Tungar Kanya suna da abin da suka gada: duk ranar da wani abu ya taso daga sama, ko husufin rana, ko guguwa, ko tsawa mai tsanani, masallaci ake gudu. Suna jin wuta za ta sauko, kowa ya nufi can. Matan da dā suna gida suna dafa abincin suna suka bar tukwane a kan murhu, suka kwashi yara. Zulai ma, da jikin jego, ta rungumi jaririn a cikin zane ta bi ayari. Ƙasimu ya tare ƙofa yana cewa, "Ba ciki ba, ya ce ba ƙarƙashin rufi ba." Wani dattijo ya ture hannunsa ya ce, "Yaro, ɗakin Allah za ka hana mu? In mutuwa ce ta same mu a nan." Dā maza kaɗai ne za su shiga, yanzu garin kaf yana ciki.

A nan Baffa ya tsaya ya kurɓi ruwa. Ƙaramin ƙanen maigidana ya ce, "Ashe gara da bai zo ba." Baffa ya ce, "Ka ajiye bakinka, gwanin sauri, lokacinka na zuwa."

Na uku shi ne Malam Ishaƙa, ladanin garin. Shekara talatin yana kiran salla, shi ke share masallacin kowace safiya. Shi bai yarda da zancen dutse ba ko kaɗan. A ganinsa babu madubin da zai hango abin da Allah bai saukar ba tukuna. Sai dai akwai abin da ya sani wanda ba kowa ya kula ba. Tun bara yake kwashe garin itace a kan tabarmi, gara ta cinye azarar ta ciki. Bana ruwa ya jiƙa bangon gabas, idan ya sa yatsa sai ya shige. In an yi tsawa yakan ji rufin yana amsawa. Sau uku yana gaya wa manya, suna cewa a bari sai kaka. Da ya ga mutane sun cika ɗakin har suna jingina da ginshiƙai, sai ya ce a ransa, ko dutse ƙarya ne, yau hadari kaɗai ya isa.

Ya je kunnen liman ya yi magana. Liman tsoho ne, ya riga ya fara jan addu'a, ya ɗaga masa hannu alamar ya yi shiru. Malam Ishaƙa ya san ba zai ci gardama da gari guda ba. Ya fita, ya bi ta bayan gari har filin Idi, inda ba gini ba bishiya. Ya hau kan wani suri, ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya ɗaga murya da kiran da ake yi idan ana son jama'a ta taru don sallar husufi: "Assalatu jami'a." Ya yi, ya sake, ya sake.

Ba a taɓa jin muryar nan daga wani wuri ba sai jikin masallaci. Addu'a ta tsaya. Liman ya miƙe da fushi, ya ɗauki sandarsa, ya fita ya ga wanda ya kira salla ba da izninsa ba. Da liman ya fita, sahun farko ya bi shi. Da sahun farko ya fita, sauran ba su ga wanda za su bi a ciki ba. Wasu ma tun kafin liman ya tashi ƙafarsu ta kama hanya, don shekara talatin inda muryar nan take nan suke zuwa. A gigice suka fita, yawancinsu ko takalma ba su tsaya nema ba. Zulai ce ta ƙarshe, Mamuda na riƙe da gwiwar hannunta.

A filin, liman ya tsaya a gindin surin yana haki ya ce, "Ishaƙa, ka tozarta ni a gaban jama'a. Daga yau ka sauka daga ladanci." Malam Ishaƙa ya ce, "Na ji, Allah ya gafarta malam. Amma tunda an zo, a yi addu'ar a nan."

Ba su gama daidaita sahu ba sama ta buɗe. Wani haske ya taso daga yamma ya fi rana, har kowa ya ga inuwarsa biyu a ƙasa. Ya ratsa giragizai, ya tarwatse, ya bar farin hayaƙi a miƙe kamar hanya. Sai shiru, ko kaza ba ta yi kuka ba. Wasu suka miƙe suna cewa ya wuce, a koma. Ƙasimu, yana dafe da haƙarƙarinsa, ya ce su zauna, ƙarar tana tafe. Wannan karon suka ji maganarsa. An yi kamar tsawon karanta Fatiha sau biyar, sannan ta iso. Ƙasa ta girgiza, iska ta bugi ƙirjin kowa. Da suka ɗago, sai ƙura a inda masallaci yake. Rufin ya zauna a kan tabarmi, bangon gabas ya zube, na bakin shiga ya kwanta a kan jerin takalman da aka bari a ƙofa.

Aka ƙirga mutane gida-gida. Ba a rasa ko ɗaya ba.

Da hankali ya dawo, liman ya share fuskarsa da gefen rawani, ya ce rana ce ta bakwai, ba za a bar yaro ba suna ba. Aka jawo ragon zuwa filin, jama'a tsaye ƙafa ba takalmi. Liman ya sunkuyo wajen Mamuda ya tambayi sunan. Mamuda ya ce dā sunan mahaifinsa ya yi niyya, amma yau an sake ba shi yaron nan da uwarsa, don haka wanda Allah ya sa ya zama sanadi shi zai yi wa takwara. Liman ya ce, "To, wane ne?" Mamuda ya juya ya dubi jama'a.

Wasu suka ce Ɗahiru, don ba domin ya koma ya duba abin da aka zubar ba, da rufin ya rufta kan mazan garin ana tsakiyar rabon goro. Wasu suka ce ai aikinsa ne da ake biyansa, kuma ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Aka ce to Ƙasimu, wanda ya shiga kogin da mai kwalekwale ya ƙi, don gargaɗin da bai iso ba ba ya ceton kowa. Aka amsa cewa mahaifiyarsa tana cikin garin, kowa zai yi wa uwarsa haka, kuma saƙonsa ne ya cusa mata da yara a ɗakin da dā ba za su shiga ba. Aka ce Malam Ishaƙa fa, shi ya fitar da su, ya sayar da ladancinsa a kai. Masu ja suka ce mutumin da bai ma yarda akwai dutsen ba, kuma da wancan bai gani ba, wannan bai hayo ba, da shi ma yana cikin sahu a ƙarƙashin azarar da ya san ta ruɓe.

Baffa ya ce har rana ta take tsaka rago na ɗaure, wuƙa na hannun liman, yaro na barci a cinyar uwarsa ba suna. Sannan ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "To, ku ne Mamuda yau. Yaro ɗaya ne, suna ɗaya za a raɗa. Ɗahiru, Ƙasimu, ko Ishaƙa, wanne za ku raɗa wa liman a kunne?"