Tambayar da Sallau Ya Ƙi Cirewa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, ana ce masa Sallau. Aikin kwamfuta yake yi. Ni ban yi boko ba, amma yadda aka warware mini, kamfaninsu sun haɗa wani rumbu ne a cikin na'ura mai riƙe alaƙar mutane: wane ya gaisa da wane, wane ya kwana gidan wane. Masu wani asibiti ke son saye, don in annoba ta ɓulla a bi sawunta. Kafin su saya kuwa sai an gwada. Aikin Sallau ke nan: ya ƙirƙiro mutane ya zuba a ciki, ya tsara tambayoyin gwaji, a ga saurin amsa.

To, ku saurara. Duk tambayoyin suna fita nan take, sai guda ɗaya: nemo duk wanda ya haɗu da wanda ya haɗu da wane. Da an jefa ta, sai na'ura ta yi ta juyi, shiru.

Shugabansa, Alhaji Tukur, ya leƙo ya ce, "Malam Sallau, cire ta mana, ka cike gurbin da masu sauƙi. Wa zai sani?"

"Ranka ya daɗe, ai ita ce za su yi ranar da cuta ta shigo."

"Kai limami na ɗauka ko ma'aikaci? In cinikin nan ya watse, kujerarka ce."

Sallau ya koma kan aikinsa. Bai cire ba.

Ya zauna yana bin tambayar, inda take shiga, inda take maƙalewa. Ashe da suna take bin mutane. Kun dai san garuruwanmu: ka kira Muhammadu a ƙofar masallaci, rabin sahu ya waiwayo. Sai na'ura ta haɗe duk Muhammadun ta mai da su mutum ɗaya, mai gaisawa da kowa, mai kwana a kowane gida. In tambaya ta iso kansa, ta ɓace ke nan.

Sallau ya ba kowa lambarsa, ya sa tambayar ta bi lamba. Ta amsa daidai, amma a hankali, ba saurin da Alhaji ya riga ya cika baki da shi ba. Haka ya nuna wa masu saye, bai rage ba, bai ƙara ba. Suka ce za su yi shawara. Ba su dawo ba. Aka sallami Sallau.

Kada ku jira in ce daga baya ya yi arziki. Ban ji haka ba. An ce dai yana gyaran waya a bakin kasuwa, yana ci da iyalinsa.

Jama'a, amana ita ce ka bar tambaya mai wuya a cikin gwajinka, ko da za ta kayar da kai. Kai mai sayar da mota, da kake zagayawa da mai saye kan kwalta, kana kauce wa hawa, ka san taka. Ni ma na san tawa. Ranar hisabi ba mu za mu tsara tambayoyin ba, kuma wadda muka cire tana nan tana jira.