Wazirin da Ya Je Neman Jari a Ƙofar Gidansa

A zamanin da, an yi wani sarki wanda kasuwar birninsa take mutuwa a tsaye. Marina sun bushe, rumfuna sun zama makwancin awaki, 'yan kasuwa kuwa sai zarewa suke yi zuwa maƙwabta. Sarki ya kira wazirinsa Tanimu, mutum mai ilimi da tsantseni, wanda tsoron a cuci baitulmali ya sa ya kewaye rancen jari da sharuɗɗa.

Sarki ya ce, "Waziri, ka sa kayan fatake, ka bi ƙasashen maƙwabta kana neman jari, ka ƙare da namu birnin. In ka dawo ba ka gano ciwon kasuwata ba, rawanin nan zai sami wani kai."

Tanimu ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

A ƙasar gabas, mai masaukinsa ya zaunar da shi, ya yi masa tambayoyi kan sana'a, ya kai shi wurin wani attajiri ya tsaya masa. Kafin la'asar an ɗora masa gishiri a kan jakuna, a biya bayan ciniki. Ya mayar da kayan yana tsaki, wai mutanen nan ba su san darajar dukiya ba. A ƙasar kudu, shaidar maƙwabci ɗaya kurum aka nema. Can ma ya raina musu wayo, ko da yake da ƙyar ya ratsa kasuwarsu don cinkoso.

Da ya iso gida ya ja rawani ya rufe fuska, ya nufi ma'aji. Ma'aji ya ce sai da jinginar gida. Ya ce yana da gida. Aka ce sai bafade ya shaida. Bafade ya ce sai alƙali ya tabbatar gidan ba na gado ba ne. Alƙali kuwa ya ce duk wannan banza ne in Waziri bai sa hatimi ba. Haka Tanimu ya zo ya tsugunna a ƙofar gidansa, dogarin da shi ya ɗauka aiki yana daka masa tsawa ya matsa.

Kusa da shi akwai wani tsohon marini, Malam Jatau. Tanimu ya ce, "Baba, ka daɗe a nan?"

Tsoho ya ce, "Tun damina nake zuwa, ɗana. Baban rini kawai zan saya in tayar da karofina. 'Ya'yana sun ce in bi su gabas, na ƙi. Wazirinmu mutumin kirki ne, bai san muna nan ba ne. Kullum ina sa shi a addu'a."

Da zagi aka yi masa, da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai.

Ya je fada, ya tuɓe rawani da hannunsa ya ajiye, ya ce, "Ranka ya daɗe, na gano ciwon. Ni ne."

Sarki ya ce, "Mayar da rawaninka. Daga yau shaidar maƙwabci ta wadatar, kai kuma a ƙofar gidanka za ka riƙa zama."

Kashegari da sassafe aka shimfiɗa wa Waziri tabarma a waje. Malam Jatau ya matso zai tsugunna, sai ya dubi fuskar, ya kuma ji muryar. Ya ce, "Ashe kai ne, ɗana. To, yanzu ka sani."