Laima a Gidan Madugu

Wannan magana daga bakin mahaifina na ɗauke ta, Allah ya kai haske kabarinsa. Magini ne. Idan hadari ya haɗo aka tashi daga aiki, ya kan tara mu a zaure ya jefa mana ita, ya koma gefe yana murmushi muna ta gardama. Bana ce damina ta farko da ruwa ke sauka ba ya nan. Bai taɓa faɗa mana amsa ba, don haka ga ta nan yadda ya bar mini ita.

A cikin ganuwar wani tsohon gari akwai gidan wani madugu, benen ƙasa mai soraye da yawa, rufinsa na azara, bangonsa kuwa kauri gare shi har mutum ya kwanta a kai. A zamanin Madugu, duk shekara kafin ruwan fari sai an yi wa gidan yaɓe, an shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa kada ya ci shi, an share bakin kowane indararo. Da ya rasu, 'ya'yansa maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, yaɓe ya tsaya. Gida ya faɗo hannun autarsa, Inna Tabawa, wadda ta dawo ta zauna a ɗakin da aka haife ta bayan rasuwar mijinta. Sauran ɗakuna jemagu suka gaje su.

Inna Tabawa tana da 'ya'ya uku. Shekarau ne babba, direban motar kaya. Cindo na bi masa, yana da rumfar hatsi a bakin kasuwa. Auta ita ce Lantana, tana aure a wata unguwa, sana'arta daddawa. Ganin gidan kakansu yana zagwanyewa, sai suka haɗa kai suka ce za su yi masa gyaran da ba a ƙara wahalar yaɓe. Suka shafe bango da siminti ciki da waje, suka toshe ƙananan tagogin da ƙura ke shiga, suka zuba fenti fari tas. Duk wanda ya wuce sai ya ce Allah ya yi wa 'ya'yan Tabawa albarka.

Ashe bangon ƙasa numfashi yake yi. Yana shan ruwa da damina, ya fitar da rani. Da aka rufe masa baki, abin da ya sha sai ya zauna a ciki.

Damina ta gaba wari ya fara tashi, irin na tsumman da aka manta a randa. Fenti ya kumbura ya yi ƙuraje. Funfuna baƙa ta fito daga gindin bango tana hawa sama a hankali, ta kama tabarma, ta kama zannuwan cikin adaka, har goron da Inna ta ajiye da safe ya kan yi gemu kafin gobe. Sai tari ya kama tsohuwa, numfashinta ya koma kamar ana busa sarewar kara. Likita ya duba ta ya ce maganin wannan ciwo ba a kwalba yake ba, a raba ta da ɗakin nan, in ba haka ba ba za ta ga kaka ba.

Shekarau ya ce, "Inna, ki taho gidana. Ga ɗaki nan har da fanka."

Ta ce, "Ka sha fankarka. A bayan ɗakin nan aka binne cibiyata. Ranar da zan ƙetare dokin ƙofar gidan nan, a kafaɗar mutane zan ƙetare shi." Ta yi tari har hawaye, sannan ta sa aka kira dattawan lungu. A gabansu ta ce wa 'ya'yanta, "Ku kuka sa wa gidan ubana rigar leda, ku za ku tuɓe masa. Wanda ya busar mini da ɗakin nan na yi numfashi, na ba shi gidan, halak malak."

Shekarau ne ya fara gano ruwan sama. Wata rana da la'asar ana sheƙa ruwa, ya ɗaga kai ya ga azarar ɗakin Inna ta lanƙwaso kamar baka. Ashe wurin shafe-shafe siminti ya cike bakin indararo, ruwa ya taru a kan soro ya zama tafki. Ya kira magina, suka ce ba mai hawa, rufin ya yi laushi kamar tuwon da bai kwana ba. Inna kuwa tana ƙarƙashi, ta ce ko taku ɗaya ba za ta matsa ba. Shekarau ya tuɓe riga, ya kafa tsani, ya shimfiɗa katako ya ja ciki a kai har bakin indararo, ya fasa shi da guduma. Ruwa ya kwararo lungu kamar an ɓalle kogi, azara ta huta. Wajen saukowa rawanin bango ya gutsure da shi, ya faɗo ya karye a cinya. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafa ta warke a gajarce, ba ta ƙara taka mota ba. Da bai hau ba, da rufin ya danne tsohuwa a ranar.

Cindo shi ya gano ruwan ƙasa. Sama ta daina ɗiga, amma daɓe na nan sharkaf, in ka taka sai sawunka ya cika. Ya bi gindin bango yana tono har ya fahimci abin da ke nan. Shekara da shekaru maƙwabta na ciko a ƙofar gidajensu, lungu ya yi tudu, gidan Madugu ya koma kwari. Tsohuwar rariyar da ke fitar da ruwan gidan kuwa ta cikin gidan maƙwabcinsu Malam Barau ta bi, shi kuma ya daɗe da toshe ta saboda wata gaba da iyaye suka bari. Cindo mutum ne mai zuciya, ko a wurin jana'iza ba ya miƙa wa Barau hannu. Ran nan ya cire takalmi a ƙofar Barau, ya durƙusa.

Barau ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ikon Allah! Yau jikan Madugu ne a ƙasa? Ashe ruwa ya fi liman iya sulhu."

Cindo ya ce, "Baba, faɗi duk abin da za ka faɗa. Numfashin uwata nake roƙo."

"To, rumfar nan taka ta bakin kasuwa ta daɗe tana ba ni sha'awa."

Cindo ya haɗiye abin da ya taso masa, ya ce ya bayar. Shi da kansa ya ɗauki diga ya haƙe rariya, baƙin ruwa ya yi ta kwarara daga gindin gini har ƙasa ta tsane. Daga nan ya koma auna hatsi a inuwar rumfar wani. Da bai durƙusa ba, da gindin bango ya jiƙe ya zauna da gidan baki ɗaya.

Lantana kuwa ruwan cikin bango ta tarar. An tare sama, an tare ƙasa, amma tarin Inna bai ragu ba. Ta ƙwanƙwasa siminti ta ji yana amsawa kamar ganga. Ta ɓamɓaro ɓawo ɗaya, sai ga ƙasar bayansa ta zama kunu, baƙa ƙirin da funfuna. Dole a kankare, kuma ba a kankarewa mai tari na ciki. Ta zauna a gefen gado ta ce, "Inna, ba wanda ya ce ki fita. Zauren ubanki fa? A can iska ke shiga." Ta yi ta lallashi har tsohuwa ta yarda. Aka kai gadonta zaure aka saki asabari, 'yan unguwa na ta surutu wai mace a zaure kamar maigida. Inna ta leƙo ta ce musu dama ita ce maigidan.

Leburorin da aka ɗauko yini ɗaya suka yi suka gudu saboda wari. Lantana ta ɗaure hanci da ɗankwali ta shiga. Ta ɓamɓare siminti, ta kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har ta kai ga mai kyau, ta kwashe a kwando ta kai bayan gari. Ta buɗe tagogin da aka toshe, ta jera kasake da garwashi tana hura musu har bango ya daina zufa. Sannan aka yi sabon yaɓe, ta jiƙa ɓawon ɗorawar da take tarawa wurin daddawa, ta haɗa makuba ta shafe bango. Ɗaki ya bushe, ya koma ƙamshin ƙasa. Amma abin da ta kankare daga bango ya sami wuri a ƙirjinta. Tun daga lokacin, da hadari ya haɗo ita ke fara ji, hayaƙin daddawa ma ya gagare ta. Da ba ta shiga ba, da tsohuwa ta ci gaba da shaƙar ajalinta a ɗakin da ba ya yoyo.

Aka mayar da Inna Tabawa ɗakinta. Tari ya lafa, ta koma cin goro, ta koma faɗa da jikoki. Da dattawa suka tuna mata alkawari, ta tara 'ya'yanta. Shekarau ya shigo da sanda, Cindo da mudu a hammata, Lantana na tari a gefen mayafi. 

Shekarau ya ce, "Inna, in don kunya ce, a raba uku kowa ya ja katangarsa."

Cindo ya ce, "Yaya, ka tsaya a kan abin da ka sani na sama. Ruwan gidan nan duka hanya ɗaya yake bi zuwa rariya. Ka ja katanga ka tare shi, baɗi sai ka sake hawa soro da ƙafa ɗaya."

Lantana ta ce, "Ni dai kada wanda ya sake kiran sunan siminti a gabana."

Aka yi dariya, har da Inna. Amma kowa ya san gaskiya Cindo ya faɗa, gidan ba ya rabuwa. Tsohuwa ta ce su bar ta ta yi tunani har a gama girbi.

Ta ga kaka, ta ci tuwon sabon gero. Wata safiya bayan ta idar da salla ta jingina da bango, busasshe, mai ɗumi, Allah ya karɓi abinsa ba tare da tari ko ɗaya ba. Sunan da ta zaɓa, in ma ta zaɓa, ta tafi da shi.

Bayan sadakar arba'in 'ya'yan suka ce maganar uwa ba ta faɗuwa ƙasa, mutum ɗaya za a ba. Kowannensu kuwa yana bukata: Shekarau ba mota, Cindo ba rumfa, Lantana ba sana'a. Ɗaya ya ba da ƙafarsa, ɗaya ya ba da girmansa da wurin cin abincinsa, ɗaya ta ba da ƙirjinta. Suka ajiye maganar a gaban dattawa.

To, jama'a, da ku ne dattawan lungun nan, a cikin ukun wa za ku ce ya busar wa Inna Tabawa da ɗaki?