Muryar da Ta Ƙi Goguwa Ranar Biki

Akwai wani mutum mai kula da kayan sauti a ikilisiyarsu. Ran da aka binne mahaifinsu, ƙanensa Habila ya zage shi tas a gaban dangi, wani kuma ya ɗauki muryar a waya, ya tura masa. Mai sautin nan ya zuba ta a kwamfutarsa, ya cusa ta cikin waƙoƙin yabo don kada matarsa ta gani. In ransa ya ɓaci sai ya kunna ya saurara, kamar mai sosa gyambo.

Daga baya Habila ya zo da dattawa, ya durƙusa ya nemi gafara. Mutumin ya ce ya yafe, har ya ƙara da cewa ya goge muryar. Ƙarya yake yi, jama'a.

Ranar auren 'yar Habila, shi aka ba aikin kiɗa. Ya haɗa kwamfuta da lasifika, ya kwashi waƙoƙin gaba ɗaya ya saki. Amarya na shigowa da rawa, sai idonsa ya faɗa kan fayil ɗin nan, yana layi a bayan waƙar da ake ji. In ta ƙare, surukai da baƙi za su ji uban amarya yana ɗura ashar.

Ya danna gogewa. Kwamfuta ta ce fayil ɗin yana buɗe, ba zai gogu ba. Ya ja shi zuwa kwandon shara, ya ƙi. Ya nemi tsallake shi, tsohuwar kwamfutar ta cije. Waƙa kuwa tana ta gangarawa. Hanya ɗaya ta rage: ya rufe manhajar da ke riƙe da shi, kiɗa ya mutu ana tsakiyar rawa.

Ya rufe. Wurin ya yi tsit, kowa ya juyo. Habila ya rugo don ya taimaka, ya leƙa, ya ga sunansa a jikin fayil ɗin.

"Yaya, ashe har yanzu tana nan?"

Kunya ta rufe mutumin, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Tana nan. Yau ni ne mai neman gafararka." Ya sake danna gogewa a gaban ƙanensa, fayil ɗin ya tafi nan take.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Kwamfutar ita ce zuciyarka, fayil ɗin kuma laifin da aka yi maka. Ka ce ka yafe, amma ka ɓoye shi a tsakanin yabonka da addu'o'inka, kana komawa kana saurara. Abin da kake riƙe da shi a buɗe ba ya goguwa, ko ka danna sau nawa. Sai ka tsayar da kiɗan, ka yarda a ga kunyarka. Allah bai ajiye naka ba. Don me kake ajiye na ɗan'uwanka?