Randar da Ta Tsira daga Wuta

Ku matso inuwa, ku ajiye wannan gardamar ƙwallon da ba ta ƙara muku komai. Na zo muku da wadda ta fi ta nauyi, kuma in na kai ƙarshe ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A Gangaren Maje, wani gari da ke bakin rafi, an yi wata maginiyar tukwane mai suna Tasalla. Randarta ake nema in za a yi wa amarya jere, don ruwa in ya kwana a ciki har haƙori yake riƙewa. Masu saye suna cewa albarkar hannunta ce, ita kuwa ta san sirrin a ƙafa yake. Kafin a gina tukunya sai an jiƙa yumɓu an taka shi, kuma tafin ƙafa ne ke tsince tsakuwar da ido bai gani ba. Tsakuwa ɗaya in ta ɓuya a jikin randa, ranar gashi wuta za ta tona ta, randar ta tsage. Tasalla tana taka yumɓu tana hira, sai ka ga ta tsaya cak, ta sunkuya, ta zaro wata 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar dawa ba.

Amma tun tana budurwa take da ciwon sukari, irin wanda sai da allura kullum. Ciwon nan ba ya gaggawa, kamar gara yake ci. Da fari ta riƙa jin kamar kiyashi na yawo a yatsun ƙafarta. Daga baya ta ji kamar ta sa safa mai kauri. Daga nan sai shiru. Likita ya ce sukarin ne ya cinye jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa zuwa kai. Ta ɓoye, ta ci gaba da taka yumɓu, tukwanenta suka fara fashewa a wuta, mata suna cewa ko baki ne ya kama ta. Ranar da ta shigo gida tana barin sawun jini a tsakar gida, da guntun fasasshiyar tukunya a soke a tafin ƙafarta ba ta sani ba, ranar ce ta bar sana'a.

Ba a jima ba ƙodojinta ma suka gaza. Aka shiga zaryar wankin ƙoda, aka riƙa auna mata ruwan sha a ɗan ƙaramin kofi, ita da ta shayar da rabin gari. Duk da haka ba ƙishirwa ce ta fi cin ranta ba. Takan zauna a kujera 'yar tsuguno tana kallon matan unguwa suna taka yumɓu, tana jin kewar abin kamar kewar mamaci. In ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshi, sai ta miƙa ƙafa waje. Ta ga ruwan yana sauka a kai, ta ga ƙafar ta jiƙe, amma kamar ƙafar maƙwabciya take kallo. Ba tsawon rai take roƙo ba a addu'arta. So take ta ƙara jin laushin yumɓu a tsakanin yatsunta ko da sau ɗaya ne.

To, mutum uku suka tsaya a kan wannan buri nata, kuma zan ba ku su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ƙanenta ne, Haladu. Ɗan dambe ne da aka san shi har ƙetaren rafi, in makaɗa suka kira sunansa da kalangu, jikinsa tsuma yake yi. Da aka ce sai an yi wa Tasalla dashen ƙoda, aka gwada dangi, tasa ce kawai ta dace. Likita bai rufe shi ba, ya ce masa mai ƙoda ɗaya ba ya shiga fage, don naushi ɗaya a kwiɓi ya isa ya kai shi inda yayarsa take. Haladu ya dubi hannunsa na dama, sannan ya ce, "Yaya ce ta goye ni da uwarmu ta rasu. A cire." Aka cire aka dasa. Kada ku tambaye ni yadda aka yi da hidimar asibiti, gari ne ya haɗu, kuma wannan labarin wata rana ne. Tasalla ta tashi, fuskarta ta washe, ta sha ruwa har ta ƙoshi. Shi kuwa Haladu, duk kaka in ya jiyo kalangu daga dandali, sai ya ɗauki fartanya ya tafi gonar da ta fi nisa, ko da babu abin nomewa.

Rai ya dawo, amma ƙafa tana nan shiru. Likita ya ce sabuwar ƙoda ta wanke jini, ta kuma ɗan sassauta wa jijiyoyin, sai dai sukarin da ya cinye su yana nan yana ci. Ya ce akwai wata tsoka a bayan tumbi da ke daidaita sukarin jiki, tata ta daɗe da mutuwa. In aka dasa mata wata, za ta huta da allura, ɓarnar za ta tsaya, wataƙila ma jijiyoyin su farfaɗo a hankali. Ya nanata mata wataƙila ɗin. Ya kuma ce irin wannan tsoka, a wurinsu, daga jikin wanda ya riga ya cika ake samunta, in danginsa sun yarda. Tasalla ta riƙe wataƙilar nan da hannu biyu, ta koma gida jira.

Na biyu mijinta ne, Malam Ilu baduku. Shi ba a yanka shi ba, bai ba da komai daga cikin jikinsa ba. Abin da ya yi shi ne, tun ranar sawun jinin nan, safe da yamma yakan zauna a ƙasa ya ɗora ƙafafunta a cinyarsa, ya duba tafi, ya duba tsakanin yatsu, ya wanke, ya tsane, ya shafa mai. Ruwan wanka sai ya gwada da gwiwar hannunsa, don ita ko tafasasshe ne ba za ta sani ba. Ya ɗinka mata takalma da fatar da ta fi kowace laushi, kuma ba ta sa su sai ya zura hannu ya laluba. Da wani gyambo ya ɓarke mata a diddigen hagu, likitoci suka fara maganar yanke ƙafa. Ya roƙe su su ba shi lokaci, ya koyi wankin ciwo a hannun ma'aikatan jinya, ya rufe rumfarsa tun farkon damina har aka yi girbi. Masu kawo masa aiki suka koma wurin wasu. A majalisa aka sa masa suna mijin-ta-ce, har da masu tambayarsa ko yau an gama wankin ƙafar gimbiya, irin tambayar da wasunku da nake gani a nan za su iya yi. Shi dai ya ci gaba da jinyarsa. Gyambon ya rufe, ƙafar ta tsira.

Ta uku ba danginsu ba ce, ba su ma taɓa saninta ba. Sunanta Inna Yalwa, mai tuyar ƙosai ce a birnin da babban asibitin yake, mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta guda ɗaya, Hansai, mota ta buge ta a hanyar dawowa daga makaranta. A barandar da masu jinya ke shimfiɗa tabarma Inna Yalwa ta haɗu da su Tasalla, lokacin an kwantar da Tasalla don a duba lafiyar ƙodar. Ta ga wani dattijo yana wanke wa matarsa ƙafa, ta tambaya, aka ba ta labari. Da likitoci suka ce mata Hansai ta tafi, na'ura ce kawai ke hura ƙirjinta, suka kuma tambaye ta ko za ta yarda a ɗauki abin da zai amfani wasu daga jikin yarinyar, baffannin yarinyar suka ce atafau, a rufe ta yadda Allah ya halicce ta. Ta tambayi malamai, wasu suka ce sadaka ce, wasu suka ce a bari. Ta zauna ta riƙe tafin ƙafar 'yarta da ɗuminsa, ta daɗe, sannan ta ce a duba ko zai dace da matar nan ta baranda. Ya dace. Baffannin suka ƙi zaman makoki a gidanta, kuma har yau ba mai taka ƙofarta a cikinsu.

Aka yi dashe na biyu, Tasalla ta ajiye allura. Shekara ta zagayo ƙafa ba ta ce komai ba. Can a shekara ta biyu sai zafi ya zo, raɗaɗi kamar an watsa mata barkono a tafin hagu. Tana kuka tana dariya, don rabon da ƙafar ta ba ta ko da ciwo har ta manta. Inna Yalwa takan zo lokaci-lokaci da ƙullin wake, ba ta da yawan magana, sai dai ta ce, "'Yata, bar ni in zauna ta wannan gefen," ta zauna jikinta yana taɓa na Tasalla, ta gefen da aka dasa tsokar Hansai.

Wata safiya Malam Ilu yana zuba mata ruwa a ƙafa, sai ta ce, "Malam, ruwan nan da sanyi."

Ya ce, "Kin taɓa da hannu ne?"

Ta ce, "Hannuna ga su a cinya."

Ya ajiye butar a hankali, ya juya mata baya, ya daɗe yana gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Ji ya dawo a ƙafar hagu, daga diddige zuwa babban yatsa, ba duka ba amma ya dawo. Ta dama kuwa ba ta farka ba. Da ta ce za ta koma yumɓu, likita ya girgiza kai. Ya ce magungunan da ke hana jikinta korar baƙin da aka dasa sun raunana garkuwarta, ɗan ƙwarzane a cikin laka zai iya kwantar da ita. Ta yi ta roƙo har ya gaji, ya ce sau ɗaya, kuma a wanke a duba nan take.

Ranar da ta cire takalmi ta sa ƙafa a yumɓu, matan unguwa suka kewaye ta. Sanyinsa ya ratsa ta har ƙeya, ya kutsa tsakanin yatsunta yadda ta bar shi. Ta taka, ta taka, hawaye na ɗiga a ciki. Can ta tsaya cak, ta sunkuya, ta zaro tsakuwa daga ƙarƙashin diddigen hagu, ta ɗaga ta sama kowa ya gani. Da wannan yumɓun ta gina randa uku iri ɗaya, ta aika wa Haladu da Inna Yalwa cewa su zo ranar gashi, kowa da tasa, har da maigida. Da yamma Malam Ilu ya gano ɗan yanka a tafin dama, wanda ba ta ji shigarsa ba. Ya warke da ƙyar, likita ya ce an rufe wannan babi har abada, ita ma ta san gaskiya ya faɗa.

Aka jera randunan, aka lulluɓe su da kara da itace, aka sa wuta. Da toka ta huce aka tone, biyu sun tsage daga baki har gindi, don abin da ƙafar hagu ta tsince, ta dama ta taka ta wuce. Ɗaya ce ta fito lafiya, ja jawur, in ka ƙwanƙwasa ta tana amsawa. Tasalla ba ta sa wa ko ɗaya alama ba, balle a ce ta wane ce ta tsira.

Haladu ya ce, "Yaya, ki ba Inna." Inna Yalwa ta ce, "A'a, mai wankin ƙafa ya fi ni." Malam Ilu ya ce ai shi ruwan gidan duk nasa ne, a ba Haladu. Bakinsu ke nan, amma Tasalla tana ganin idanunsu, ba wanda ya ɗauke nasa daga kan randar. Ta san in ba ƙodar Haladu, da tana kabari kafin a kai ga maganar ƙafa. In ba hannun Malam Ilu, da jin ya dawo ya tarar an yanke ƙafar da zai sauka. In ba yardar Inna Yalwa, da tana nan da rai da ƙafa biyu, tana kallon ruwan sama yana jiƙa su a banza. Randa kuwa ba a raba ta, kuma ba za ta sake gina wata ba.

Tana nan zaune a bakin toka, randa a gabanta, su uku a tsaye. To, ku da kuka iya gardama, wa za ta miƙa wa?