Tunau Mai Tsire da Hannunsa na Dama

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka cinye mini gyaɗa kuka bar mini ɓawo.

"Ta zo mu ji ta, Kawu!"

Ai dole ta zo, tunda ni ba mai tausayina a gidan nan. Ke Lami, janye ƙafarki daga rigata, yau aka karɓo ta daga wajen bugu.

A wani gari akwai kasuwa, a kasuwar akwai tsamiya ɗaya tal. Ita kaɗai ce inuwa. Sauran wuri rana ce ƙwal har bakin kogi. Kowane mai tsire yana son ya kafa tukubarsa a gindinta, don nan mutane suke zama. In suka zauna sai ƙamshi ya buge su, in ya buge su sai su saya. To, mahautan garin suna da al'ada: ba a zage-zage a kan inuwa. In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, mai son inuwar sai ya nemi mai ita da dambe. Wanda ya yi kisa, tsamiya tasa ce. Wanda aka kashe, ya kwashe tsinkayensa ya koma bakin kogi.

"Kawu, kashe shi ake yi ya mutu?"

Kai Sallau, wa ya gaya maka? A dambe in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, ka kakkaɓe wando ka tafi gida. Da mutuwa ake yi, da rabin garin nan marayu ne saboda ni. Amma bar wannan, kada ku ce ina yabon kaina.

Mai inuwar sunansa Tunau. Gadonta ya yi wajen ubansa, shi bai taɓa ɗaure hannu ba. Sai wata shekara wani siririn mai tsire, Arzika, ya gaji da ranar bakin kogi. Ya je gaban Sarkin Fawa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, bana ni da Tunau."

Labari ya kai wa Tunau. Yana zaune ya yi tagumi, sai ga Barmo makaɗin kalangu, mutumin da bai taɓa wuce tukuba da bushasshen baki ba.

Ya ce, "Ubangidana, da hannu nawa ake naushi a dambe?"

Tunau ya ce, "Da ɗaya. Shi ake naɗe wa zare. Ɗayan garkuwa ne kawai."

Barmo ya ce, "To me zai sa ka raba ƙarfinka? Duk abin da ka ba ƙafa, hannu ka ƙwace wa. Ka tara shi wuri guda."

Tunau ya ce, "Kai, Barmo, ashe kana da kai!" Ya miƙa masa tsinke biyu.

Sai Tunau ya ɗauki kujera ya kai bakin rijiya. Ya zauna daram. Ya kama guga da hannun dama, ya yi ta jan ruwa. Ya cika tulunan unguwa, ya cika na unguwar gaba, har matan suka ce ya isa. Hannu ya fara kumbura, ya kai cinyarsa kauri. Barmo ya matse kalangu a hammata yana cewa:

"Hannun Tunau, hannun dama,
Ci naka, ka ci na ƙafa!"

Sai ga Arzika ya wuce da gudu cikin yashin kogi, gumi sharkaf.

Tunau ya ce, "Ka gani? Tun yanzu gudu yake koyo."

Matarsa Tabawa ta zo ɗiban ruwa ta ce, "Maigida, ƙafafun nan fa?"

Ya ce, "Ke, da ƙafa zan naushe shi?"

Barmo ya ci tsinke uku.

Da guga ya yi masa kaɗan, sai ya sa aka ɗauko dutsen niƙan Tabawa. Ya kwanta a tabarma, ya ɗaga, ya sauke, ya ɗaga, ya sauke. Ya daina taka ƙasa, kada ƙarfi ya zurare ta ƙafa. Kasuwa a kan jaki. Gidan suna a kan jaki. Har bayan gida, ku yi haƙuri, a kan jaki. Hannu ya kai tulu. Riga ta ƙi shiga, sai da tela ya yanko ƙafar wando ya ɗinka masa a kafaɗa. Mutane suka daina ba shi hannu, daga nesa suke gaisuwa. Barmo kuwa:

"Hannun Tunau, hannun dama,
Ci naka, ka ci na ƙafa!"

Sai ga Arzika da buhun gero a wuya, yana hawan tudu, yana tsugunawa yana miƙewa.

Tunau ya ce, "Allah sarki, tsire ya gagare shi, ya koma dako."

Tabawa ta ce, "Maigida, ni dai ka ba ni dutsena. Kuma ƙafafun nan fa?"

Ya ce, "Suna nan inda na ajiye su."

Barmo ya ci tsinke biyar.

Da dutse ya yi masa kaɗan, sai ya ari maraƙi. Ya tallabe shi a tafi, ya ɗaga, maraƙi ya ce "mooo", ya sauke. Hannu ya kai rumbu ƙarami. Aka shimfiɗa masa tabarmarsa daban, da matashinsa daban. Safe da yamma ana shafe shi da man shanu, hannun hagu yana yi masa fifita. Ya daina shiga akushi, sai Tabawa ke ba Tunau tuwo a baki kamar ɗan yaye. Ƙafafu kuwa suka tsotse, suka koma sillen kara.

Sai ga Arzika yana tsallen kwaɗo, daga gindin tsamiya har kogi, ya dawo.

Tunau ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Tsoro ya taɓa masa kai."

Tabawa ta ce, "Maigida, don Allah tashi ka tsaya in gani."

Ya ce, "In ɓata ƙarfina a banza? Kya gani ranar."

Rannan Barmo da farantin tsiren gaba ɗaya ya tafi.

Ranar dambe ta zo. Aka share fili a gindin tsamiya, gari ya taru. Aka zo naɗe hannun Tunau, zare ya ƙare bai rufe yatsa biyu ba. Aka ciro igiyar rijiya aka ƙarasa da ita. Sai aka kawo jakuna biyu, ɗaya ya ɗauki Tunau, ɗaya ya ɗauki hannun. Da suka shigo fili, mata suka yi guɗa, tsofaffi suka yi salati, wani ma ya je ya yi wa uwar Arzika gaisuwa tun kafin a fara.

Aka sauke Tunau, aka tokare hannun da gwafa, irin itacen nan mai baki biyu da ake tallafe reshe da shi.

Sarkin Fawa ya ce, "Tunau, da kai Arzika zai kara, ko da kai da gwafa? A cire ta."

Aka cire. Tunau ya ce, "Wash!" Amma ya cije.

Aka shiga turmin farko, wato karon farko ke nan. Arzika ya miƙa garkuwa yana zagaye shi. Tunau ya tattaro ƙarfi ya kai naushi. Arzika ya sunkuya. Hannu ya wuce fuuu, ya ja mai shi, ya daki gindin tsamiya. Tsamiya ta girgiza, 'ya'yanta suka zubo kamar ruwan sama. Mata suka bar kallo suka kama tsinta.

Aka shiga turmi na biyu. Arzika ya zagaya ta hagu, ya zagaya ta dama, ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa. Tunau ya sake kai naushi. Arzika ya goce. Hannu ya juya da Tunau sau uku kamar mazari, ya je ya sami kalangun Barmo. Fus! Sai fata da tsirkiya a warwatse.

Barmo ya ce, "Ubangidana, ni ne fa!"

Tunau ya ce, "Ba ni ba ne, hannun ne!"

Aka shiga turmi na uku. Yanzu Arzika bai ko zagaya ba. Ya tsaya kawai yana kallo. Ƙafafun Tunau suka fara kaɗawa, kar-kar-kar, gwiwa tana gaisawa da gwiwa. Hannu ya fara sauka. Ya sauka. Ya ƙara sauka. Barmo ba kalangu, sai ya kama da baki: "Hannun Tunau, hannun dama, tashi mana, don girman Allah!" Tabawa ta rufe ido. Saura kaɗan tsakanin dunƙule da ƙasa, kaɗan ɗin da ko tsinken tsire ba zai ratsa ba. Tunau ya riƙe numfashi, ya tsaya a nan.

Sai wani ƙuda da ya biyo ƙamshin man shanu tun daga gida ya zo ya yi shawagi. Ya duba, ya zaɓi wuri, ya sauka a kan babban yatsa.

Tim.

Sarkin Fawa ya ce, "Kisa!"

Wuri ya kaure. Aka ɗaga Arzika sama, shi da ko naushi ɗaya bai kai ba. Kafin a sauke shi, Barmo ya riga ya koma bayansa yana tafi yana waƙar ƙafafu.

Tunau ya kwashe tsinkayensa ya nufi bakin kogi. Jakunan sun ƙi tsayawa, dole ya taka. Hannun ya ja shi gefe, sai ya tafi a karkace, gefe-gefe, yara suna binsa. Ya isa, rana ta buɗe masa wuta, shi da tun haihuwa bai san ta ba. Ya nemi inuwa, babu sai ƙarƙashin wani dutse. Ya cusa kai. Kunya ta matse shi, ya ƙanƙance, ya ƙara ƙanƙancewa, har ya shige duka. Tabawa ta zo da tuwo ta ce, "Maigida, fito mana." Sai hannu kawai ya leƙo.

To, shi ne kakan ƙaguwa. Ku dube ta da kyau: hannu ɗaya ƙato, ƙafafu sirara, tafiya gefe-gefe. In kuka ɗaga dutsen da take ƙarƙashi, sai ta ɗaga muku babban hannun, tana tsammanin ku ma inuwar kuka zo karɓa.

Ƙurunƙus kan kusu, har da wutsiyarsa. Hannu komai girmansa, ƙafa ce take ɗauke da shi. In mai yabonku yana cin tsirenku kuwa, ku saurari wanda yake tambayar ƙafafunku.

Ku tashi ku ba ni wuri. Kai Sallau, dawo, kama ni in miƙe. Me kuke yi wa dariya? Zama ne ya yi yawa, ƙafata lafiyarta ƙalau.